Ɗaukar Hoton Gidajen Ƙasa a Ƙauyukan Sakkwato: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan cikin garin Sakkwato. Ina da waya mai kyamara mai kyau, kuma yayana ya ara mini wata ƙaramar kyamara. Ina so in yi amfani da hutun ƙarshen shekara in zagaya ƙauyuka ina ɗaukar hotunan gidajen ƙasa da rumbuna da yadda mutane ke rayuwa, in riƙa sakawa a Facebook. Na gwada sau biyu, amma hotunan sun fito fayau, ba su da armashin abin da idona ya gani. Wani abokina kuma ya ce abin da nake yi tallan talaucin mutane ne. Ta ina zan fara, kuma shin abokina yana da gaskiya?

Amsa: Ƙanena, tambayoyinka biyu ne a baki, amma tushensu ɗaya ne. Hoton da ya fito fayau da hoton da ke zubar da mutuncin mai gida, sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗaukar su, wato wanda ya sauko daga mota da rana tsaka, ya tsaya daga nesa, ya danna, ya koma, bai san sunan abin da ya ɗauka ba, bai kuma san hannun da ya gina shi ba. Na haura shekara 20 a wannan sana'a, kuma mafi yawan abin da zan gaya maka a bakin magina da manoma na ji shi.

Zan fara da maganar abokinka domin ita ce mai nauyi. Yana da gaskiya a kan irin hotunan da suka cika intanet: katangar da ta zube, yaro cikin tsumma yana kallon kyamara, tsohuwa a ƙofar bukka, a ƙasa kuma a rubuta cewa ga yadda Afirka take, babu sunan gari, babu ko sunan ƙasa. Mai irin wannan hoto tun daga gida ya yanke hukuncinsa, shaida kawai ya je nema a ƙauye. Inda abokinka ya kuskure shi ne idan yana nufin ginin ƙasa shi kansa talauci ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da ƙasa aka yi shi. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda ya sami siffarsa ta yanzu a 1907, da ƙasa aka yi shi, kuma kowace shekara mutanen garin ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su sake masa yaɓe. Kusa da mu ma, a ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya ɗora ginin masallacin Juma'ar garinsu a 1962, kuma a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Ilimin da ya tayar da waɗannan gine-gine ɗan'uwa ne ga ilimin da ke tayar da zaure da rumbu a ƙauyukan Kware da Wurno da Gwadabawa, kuma aikinka shi ne ka sa mai kallo ya ga wannan ilimi a cikin hoton.

Ni kaina a wani ƙauye na bakin Gulbin Rima na gane haka, cikin watan Agusta, farkon shigata sana'a. An kwana biyu ana ruwa, gefen katangar wani gida ya rufta, har ana hango turmi da shanya daga waje. Abin ya yi mini kyau a ido, sai na ɗauka. Mai gidan, wani dattijo, ya fito daga masallaci ya iske ni, kuma bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Yaro, mi za ka yi da shi?” Na rasa amsa. Sai ya ce tun yana saurayi yake yaɓe wannan katanga da hannunsa duk shekara, ban taɓa zuwa ba sai ranar da ta faɗi, kuma abin da ke bayanta iyalinsa ne. A lokacin da fim muke aiki, ba a gogewa nan take, don haka na yi masa alkawarin babu wanda zai ga hoton, kuma da na wanke fim ɗin na yanke wannan gurbi na ƙone. Na koma a watan Janairu na iske shi da 'ya'yansa suna jera tubali, shi da kansa ya nuna mini inda zan tsaya. Tun daga ranar ba na danna kyamara sai ina da amsar wannan tambaya tasa.

Saboda haka, kafin ka koyi kyamara ka koyi ginin. Ana haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa domin ta yi danƙo, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe. Magini yana jera shi tsini a sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma bangon yakan fi kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Kududdufin da kake gani a bakin gari, sau da yawa ramin da aka haƙi ƙasar gina garin ne, don haka shi ma yana cikin labarin. A yau wurare da yawa sun koma buga bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da akwatin katako, kuma ya kamata ka iya bambance su da ido. Rufin soro da azara ake yin sa, wato gangar giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Sandar azara ba ta cika ɗaukar nauyin rufin ƙasa ba idan tazarar ta wuce kamar mita 2, kuma wannan ƙarancin ne ya haifi dabarun da suka fi komai kyau a gininmu: ginshiƙi a tsakiyar ɗaki, da bakan gizo da ke tasowa daga bango ya haɗe a sama, da tulluwa, wato rufi mai tudu kamar kifaffiyar ƙwarya. Indararo yana fitar da ruwan rufi ya jefa shi nesa da gindin bango. Zankwaye suna tsaye a kusurwoyin soro. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke taimaka wa yaɓe da daɓe su jure ruwa. Laso kuwa, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, shi ne simintin kakanninmu, kuma idan ka dace da tsohon soro mai laso ka ɗauke shi da kyau, domin masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci.

Amfanin sanin waɗannan sunaye biyu ne. Idonka zai daina ganin tarin jar ƙasa, ya fara ganin sassa, kowane da aikinsa. Kuma ranar da ka tambayi magini yaushe ya sauya azarar zauren nan, ko me ya sa ya karkatar da indararo gabas, za ka ga fuskarsa ta saki, domin ya gane cewa aikinsa ka zo gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san gefen da yake alfahari da shi.

Kada ka je ƙauyukanmu kana neman bangon da aka cika da zane da launi irin na tsoffin unguwannin Zariya da Kano. A ganina ginin ƙasar Sakkwato ya fi kamewa, kyansa yana cikin siffa da daidaito. Abin da muke da shi wanda ya isa a yi tafiya dominsa shi ne rumbu. Idan ka nufi arewa, wajen Gwadabawa da Illela har zuwa ƙasar Ƙonni, za ka ga rumbunan ƙasa manya masu kama da randa, waɗanda wasu ke kira rufewa, an ɗora su a kan duwatsu saboda danshi da gara, an kifa musu hular ciyawa. Bangonsu siriri ne ƙwarai idan aka kwatanta da girmansu, kuma da hannu ake ɗaga shi zagaye bayan zagaye, kamar yadda ake ginin tukunya. Rumbu biyar a jere da hantsi, da mutum a kan tsani yana karɓar damin gero, hoto ne da ba ya bukatar ƙarin bayani.

Yanzu ga dalilin da ya sa hotunanka suka fito fayau. Bangon ƙasa launinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, saboda haka abin da ke bayyana shi a hoto shi ne inuwa: sawun yatsun mai yaɓe, da tsagin da ruwa ya bi, da tudu da kwarin tubali. Waɗannan ƙananan inuwoyi ba sa fitowa sai haske ya shafi bangon daga gefe. Idan rana ta dake shi gaba da gaba, ko kuma tana tsakiyar ka, sai ya zama kamar takarda. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma daga Oktoba zuwa farkon Maris rana tana karkata kudu tun daga fitowarta har faɗuwarta. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a lokacin hutun da kake magana, bangon da ke fuskantar kudu shi ne rana ke shafa daga gefe da sassafe da kuma gab da magariba, kuma a nan ne za ka sami hotonka mafi kyau. Bangon da ke kallon gabas yana shan rana a fuska da safe, don haka ka jira shi sai hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe 11, lokacin da haske ke gangarowa a jikinsa. Na yamma akasin haka ne, jim kaɗan bayan azahar ya fi nuna jikinsa, da la'asar sakaliya kuma ya fi nuna launi. Bangon arewa kuwa a inuwa yake wuni, kuma wannan inuwa mai laushi ita ce wurin da za ka tsayar da mutum idan fuskarsa kake so. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 saura kaɗan, ta faɗi bayan ƙarfe 6 da 'yan mintoci, don haka lokacin aikin gaske bai fi awa biyu da safe da awa ɗaya da rabi da yamma ba.

Hazon hunturu yana sauya wannan lissafi. Ranar da ya yi kauri inuwa takan ɓace, sama ta yi fari fat, kuma hoton gari daga nesa ba ya yin kyau. A irin wannan rana ka cire sama daga cikin hoton gaba ɗaya, ka matsa kusa, ka ɗauki hannuwa da ƙofofi da fuskoki. Ranar da hazon ya yi sauƙi kuwa, ƙurar da garke ke tayarwa da yamma, idan rana tana bayanta, tana ba da hasken da babu na'urar da ke iya ƙirƙirar irinsa.

Lokutan shekara ma ka bi su da aikin mutane. Da kaka, Oktoba da Nuwamba, ake kawo dammuna gida ana cika rumbu, ana sussuka da sheƙa. Bayan an gama da amfanin gona, ruwa ya ɗauke, sai a shiga buga tubali da sabon gini. Da bazara, kafin ruwan farko, ake gyaran rufi da yaɓe da sabunta jinka, sai dai zafi yakan haura digiri 40, kuma a ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakiyar ka sosai. Ka kuma tuna cewa da rani samari da yawa sun tafi cin rani, ban da inda ake noman albasa da shinkafa a fadama, saboda haka idan ka ga ƙauye tsit, tsofaffi da mata da yara kawai, kada ka rubuta cewa gari ya mutu.

A kan na'ura ba zan tsawaita ba, domin abin da ke hannunka ya isa. Waya tana da halin haskaka inuwa da kanta, wato tana goge ainihin abin da kake nema, don haka ka taɓa bangon a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan har inuwa ta yi nauyi. Ka guji idon nan mai faɗi da aka rubuta wa 0.5, domin yana lanƙwasa gini, ya sa rumbu ya kumbura, bango ya kwanta baya. Gara ka ja da baya ka yi amfani da idon da aka rubuta wa 2, ka riƙe wayar a miƙe ba tare da ɗaga kanta sama ba, ta yadda sirancewar bangon da za a gani za ta zama wadda magini ya yi da gangan. A kyamara, ido mai milimita 35 ko 50 ya wadatar. Kada ka cire idon kyamara a fili lokacin ƙura, ka ajiye ta cikin leda a jaka, kada kuma ka bar ta a mota a rufe. Cikin zaure kada ka kunna filasha. Ka zauna har idonka ya saba da duhu, ka jingina da bango ko ka ɗora kyamarar a kan abu mai ƙarfi, ka bar hasken ƙofa ya yi aikinsa, sa'an nan ka ɗaga kai ka dubi yadda aka jera azara, domin baƙi da yawa suna shiga zaure su fita ba su ga abin da ya fi kyau a cikinsa ba. Wajen gyaran hoto kada ka ƙara ja. Ƙasar tudu ja ce, ta fadama tana da duhu da toka-toka, kuma ɗan garin zai gane idan ka shafa wa garinsu launin wani gari.

Akwai wata jarabawa da nake so ka tsallake. Za ka ga rufin kwano a gefen soro, da farantin sola a kan bango, da babur a ƙofar zaure, da yaro riƙe da waya, kuma zuciyarka za ta ce ka kauce musu domin hoton ya yi kama da na dā. Ka bar su a ciki. Mutanen nan a wannan zamani suke rayuwa tare da kai, kuma wanda ya sayi kwano ya huta da hawa rufi duk bazara yana da hujjarsa. Hoton da ya haɗa azara da kwano shi ne zai gaya wa jikokinmu lokacin da sauyin ya faru.

Shiga gari kuwa yana da ƙa'idarsa, kuma baƙon da babu sallama mugu ne. Ka tafi da ɗan garin ko wanda ke da dangi a can. Ka fara da ƙofar hakimi ko mai gari, idan zagayen naka zai haɗa garuruwa da yawa kuma ka sanar da uban ƙasa. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ka ce ranka shi daɗe, ka ajiye ɗan goronka, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da unguwarku, ka kuma faɗi ƙarara inda hotunan za su je. Idan Facebook ne ka ce Facebook ne, kowa zai gani. Ranar farko, in da hali, kyamara ta wuni a jaka. Zaure shi ne iyakar baƙo namiji, kuma ko ba a rubuta “ba a shiga” ba, dokar tana nan. Wannan doka ta haɗa da leƙe daga sama, saboda haka kada ka hau soro ko bishiya inda za ka hango tsakar gidan mutane. Jirgi maras matuƙi ya fi wannan muni, ban da cewa tashinsa yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da kuma jami'an tsaro. Mata a bakin rijiya ko wurin sussuka ba a fili suke ba don kawai suna waje. Ka nemi izini ta hannun wata dattijuwa, ka tabbata ita wadda za a ɗauka ta yarda, kuma an san mijinta ko mahaifinta ba zai ƙi ba. Rabin rayuwar gidan ƙasa, wato daɓe da jere da murhu da adon ɗaki, a cikin gida yake, kuma hannun mata ne ke yin sa. Idan kana da ƙanwa ko yaya mai sha'awa, ka koya mata kyamara, domin ita za ta ga abin da kai ba za ka taɓa gani ba, kuma ita ma da izini za ta ɗauka. Za ka haɗu da malamai da dattawan da ba sa yarda a ɗauke su hoto saboda fahimtarsu ta addini. Kada ka yi musu, ka gode musu, ka tambaya ko za ka iya ɗaukar ginin kawai. Yara za su yanyame ka, amma yardar yaro ba izini ba ce sai da ta iyayensa, kuma kada ka raba musu kuɗi domin su tsaya maka, don hakan yana koya musu roƙo, ya kuma ɓata wa wanda zai zo bayanka.

Dole in yi maka maganar tsaro a fili. Gabashin jihar nan, musamman Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da kuma yankin Tangaza da Gudu, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan, kuma hali yana sauyawa daga mako zuwa mako ko a wuraren da ban ambata ba. Kafin kowace tafiya ka tambayi mutanen garin da direbobin tashar da ke bin hanyar kullum. Inda ake zaman ɗar-ɗar, baƙo mai kyamara yana iya zama abin zargi, a ɗauke shi mai kai rahoto, kuma wannan zargi yana iya cin rai. Hotonka ma yana iya jawo wa masu masaukinka masifa, don haka ka kashe abin da ke liƙa wurin da kake a jikin hoto, kada ka nuna yawan dabbobin mutum ko hanyoyin shiga gari, kada ka saka komai sai ka dawo gida, kuma idan mai gari ya ce kada a ambaci sunan garin, ka ambaci ƙaramar hukuma kawai.

Ka lura cewa hasken da na yaba maka, na sassafe da na gab da magariba, yana zuwa ne a lokutan da bai kamata a same ka a kan hanya ba. Mafita ɗaya ce, wato ka kwana a garin, kuma ba a kwana sai inda aka san mutum. Shi ya sa shawarata ita ce ka ajiye maganar zagaya ƙauyuka da yawa a wannan hutu, ka zaɓi gari ɗaya, kuma in akwai hali ya zama garin kakanninka ko na wani abokin karatunka. Ka yi kwana 4 ko 5. Ka riƙe ɗan littafi, kowane hoto ka rubuta ranar da aka ɗauke shi, da sunan sashen ginin kamar yadda mutanen garin ke faɗa da bakinsu, da shekarun ginin a ƙiyasin mai shi, da sunan maginin idan ya yarda a ambace shi. Wannan rubutu shi za ka sa a ƙarƙashin hoton, kuma shi ne zai sa wata rana tarin hotunanka su cancanci a kai su Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a ajiye. Idan ka dawo Sakkwato ka zaɓi guda 20 ka wanke su a takarda, ka koma da su ka miƙa wa masu su hannu da hannu kafin ka saka ko ɗaya a Facebook, wanda mai shi ya ce bai so kuma ka cire shi daga cikin waɗanda za ka saka.